Ina Jin Konduga, Konduga Ba Ta Jina

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya shafa mini ciwon rediyo. Aikin sadarwa ya yi wa gwamnati har ya yi ritaya, ya koma gida Konduga ya kama noman gero da albasa, amma bai rabu da wayoyinsa ba. Yana da lasisin masu magana ta rediyo don sha'awa tun ban san hagu da dama ba. A ɗakinsa akwai wata babbar na'ura mai cin batirin mota, eriyarta a ɗaure jikin doguwar gora, gorar kuma a ɗaure can ƙololuwar darbejiyar tsakar gida, sai wanda ya san tana nan zai gan ta. Gida ɗaya suke da Iya, mahaifiyata, tun rasuwar babanmu.

Ni mai sayar da yadi ne a Kasuwar Litinin ta Maiduguri, ina zaune a unguwar Fezzan da iyalina. Ban da almakashi da ma'auni ban san komai ba. Amma Kawu mutum ne mai naci. Ya yi ta bina da takardu har na karanta, na zauna jarrabawa, aka ba ni nawa lasisin da lambar kira. Ranar da na kai masa takardar ya ba ni kyautar ƙaramar rediyon hannu, irin wadda kowa ke kira oba-oba, baƙa, da 'yar guntuwar eriyar roba a kanta. Muka gwada ta a ranar, shi yana ɗaki ni ina bakin gonarsa, murya tar kamar muna kan tabarma ɗaya.

Da na dawo Maiduguri sai abin ya zama rabi. Kullum bayan La'asar Kawu zai kira lambata, in ji shi raɗau har da kukan zakaransa. In danna in amsa, shiru. Ya sake kira, in sake amsawa, shiru. A lokacin abin dariya ne, domin wayar salula na aiki. Sai in buga masa in ce, "Kawu, na ji ka fa." Shi kuma ya ce, "To ni iska na ji." Ya ce in zo da rediyon wata Juma'a mu duba, ni kuma kasuwa ta riƙe ni.

Sai gari ya juya. Aka ƙone turakun waya a garuruwan kewaye, daga baya aka katse layukan gaba ɗaya. Wayoyinmu suka koma tocila da agogo. Oba-oba kuwa ta zama abin da ke iya kai mutum inda ba a dawowa, don mutane iri biyu ne kawai ke riƙe ta a garin: sojoji, da waɗanda sojoji ke nema. Su waɗannan ko sunansu ba ma kamawa, sai dai mu ce yaran nan. Matata ta ce in jefa ta masai kowa ya huta. Na ƙi. Na naɗe ta da ƙyallen atamfa na tura cikin buhun gero.

Bayan La'asar nakan shiga ƙuryar ɗaki, in sa sakata, in saki labule, in kwanta a ƙasa bayan gado, in rage sautin har sai na manna ta a kunne. A haka nake jin Kawu. Bai taɓa faɗin abin da zai jawo wa kowa fitina ba. An yi ruwa, gero ya fara ɗaukar ciki, tsohuwa lafiya sai gwiwa. Nakan amsa da raɗa, ko da na san ba ya jina. Kada wanda bai zauna garin ba ya yi mini dariya. Shekarun nan sun koya mana sunkuyar da kai da rage murya, har mutum yakan yi raɗa a cikin ɗakinsa yana tambayar ina aka ajiye gishiri.

Wata safiya abu ya fashe kusa da layinmu na masu yadi. Allah ya sa na zagaya bayan shaguna neman ruwan alwala, ban samu ko ƙwarzane ba, sai kunnen hagu da ya daɗe yana ƙugi. Wasu da muka gaisa da su da safe ba su koma gida ba. A ranar aka rufe hanyar Konduga, babu motar da ke shiga ko fita.

Da La'asar muryar Kawu ta zo ba yadda na saba jinta ba. Ya kira lambata, ya jira. Ya sake kira, ya jira. Na danna na ce, "Kawu, lafiyata lau," har na manta da raɗa. Bai ji ba. Sai ya ce, "Ga yayata nan, tana son magana."

Iya ba ta taɓa yarda ta kusanci na'urar nan ba. Cewa take Kawu ya tsufa yana hira da iska. Ranar na ji numfashinta kafin muryarta. Da yarenmu na Kanuri ta yi magana, a hankali, kamar tana tsoron abin zai cije ta. Ta ce sun ji a labarai cewa layin masu yadi ne. Ta ce idan ina da rai in yi magana. Na yi magana, Allah ne shaidata, har maƙogwarona ya bushe. Ta jira. Sannan ta ce wa Kawu, ba ni ba, "Idan Juma'a ta zo ban ji shi ba, zan bi matan nan masu kai itace ta daji. Ko gawarsa ce in gani da idona."

Na san uwata, ba ta iya barazana ba, abin da ta faɗa shi za ta yi. Mace ce da sai ta dafa bango take tashi daga sallah. Dajin da take magana a kai kuwa, maza masu ƙarfi sun shiga ba a sake jin labarinsu ba. Ga ni da raina, da ƙafafuna, da rediyo a hannu, amma kalma ɗaya ta gagare ni aikawa.

Da ta matsa, Kawu ya dawo kan layi. Ya ce, "Ɗana, ban san ko kana jina ba. Zan yi magana kamar kana ji. Idan ba ka ji, ban yi asarar komai ba sai yawu." Daga nan ya fara koyar da ni gyara a makance, yana can ina nan, ba ya ganina ba ya jina. Har yau idan na tuna wannan haƙurin sai idona ya cika.

Ya ce in fara da batir, domin batir mai rauni yana iya ji amma ba ya iya aikawa da nisa. Ba ni da halin kai ta wurin masu caji a bakin titi, sai na tayar da ɗan janaretona da ragowar man da nake tattali. Ya ce in duba ko tana kan ƙaramin ƙarfi, in mayar da ita babba. Na duba, ashe tun ranar gona tana kan ƙarami. Na ce shi ke nan, na gano ɓarawon. Washegari na amsa da ƙwarin gwiwa, Kawu ya ci gaba da maganarsa ta kaina kamar ban yi tari ba.

Ya ce, "Idan a kwance kake, tashi. Eriyata a tsaye take, taka ma ta tsaya. Kuma kada ka yi ihu, ihu ba ya ƙara nisa." Na dubi kaina a shimfiɗe bayan gado, rediyo a kwance kan kunnena, na ji kunya ta kama ni kamar yana leƙowa ta taga. Ya ce in samu wayar wuta ta jan ƙarfe in ɗaura a gindin eriyar ta sauko ƙasa. "Kamu ɗaya. Kai mai yadi ne, ba sai na koya maka kamu ba." Na yanko daga jikin wata matacciyar fanka, na auna daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, na ɗaura. Ya ce rufin kwano yana haɗiye magana, in fita fili.

Fita tsakar gida ba ƙaramin abu ba ne. Matata ta kora yara ɗaki, ta tsaya a bakin zaure tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Na tsaya kusa da randa, na ɗaga rediyon, na kira. Kawu ya yi shiru a tsakiyar magana. Ya ce, "Na ji wani abu ya ƙyasta. Ba murya ba ce, amma wani ya danna." Sai na ji Iya daga nesa tana cewa kowa ma yana iya dannawa.

Ya ce, "Saura abu ɗaya. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse tsakanina da kai, gidaje ne da bishiyoyi. Sai ka hau sama. Na san abin da nake ce maka ka yi. Idan ba zai yiwu ba, kada ka yi."

Duk abin nan na karanta shi a takardun jarrabawa. Sani ne bai yi mini amfani ba, domin a Maiduguri ta lokacin mai hankali ba ya hawa ko katanga, balle da oba-oba a hannu.

Bene ɗaya ne a layinmu, na Alhaji, da tankin ruwa a samansa. Alhaji Bafulatani ne da ya tashi a bayan shanu, ya shigo birni ya zama babban dillali a kasuwar dabbobi, ya yi tumbi ya yi gida. Tsakaninmu akwai wasan Fulani da Barebari. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum "bawana", ni kuma in tambaye shi yaushe zai koma ruga ya bar mana garinmu. Ranar Laraba da hantsi na same shi a zaure yana shan shayi. Na zauna, na kwance ƙyallen, na ajiye rediyon a gabansa.

Ya janye ƙafarsa kamar na ajiye maciji. Na ba shi labari tun daga farko. Na ce abin da nake roƙo kaɗan ne: in lallaɓa in hau bayan La'asar, in tsuguna bayan tanki, in faɗi kalma biyu in sauko, ba wanda zai sani. Ina faɗa ina sane da abin da nake nema. A lokacin gidan da aka zarga, rushe shi ake yi, mai gidan kuma sai addu'a.

Ya daɗe yana juya kofinsa. Sannan ya ce, "A gidana ba a hawa sama a ɓoye. Ko mai gyaran tanki zai hau, sai an aika gidajen maƙwabta mata su kintsa. Daga can ana ganin tsakar gidan kowa."

Raina ya ɓaci. Na ɗauka hanyar korata ce cikin ladabi. Na ce, "Alhaji, ana maganar rai kana maganar mata su yafa mayafi?"

Ya ce, "Maganar ran nake yi, bawana, naka da nawa. Mace ɗaya ta ɗaga kai tana shanya ta hango mutum a tsugune bayan tanki da wannan abin a baki, me za ta gaya wa mijinta? Shi kuma wa zai gaya wa? Kafin ka sauko an zagaye gidan. Amma idan an gaya mata tun da rana, cewa za ta yi ai mai yadi ne zai gai da tsohuwarsa." Ya miƙe ya ce in ɗauko takardar lasisina, in cire batirin, in riƙe rediyon a tafin hannu inda kowa zai gani.

Ya zura babbar riga ya sa ni a gaba. Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba, alhali iyakarta ƙarshen layi. Mutane suna ganin abin da ke hannuna suna shigewa gida. Muka fara da bulama, mai unguwarmu. Alhaji ya yi bayani, ya ce gidansa ne, kuma ya tsaya mini. Bulama ya duba takardar sama da ƙasa, ya ɗauki sandarsa, ya aika a gaya wa shugaban 'yan gora, samarin unguwa masu sintiri, muka nufi shingen sojoji na bakin titi. Tun daga nesa Alhaji ya ɗaga hannuwa biyu, ni ma na ɗaga, rediyo a ɗaya batir a ɗaya.

Babbansu ya karɓi rediyon ya jujjuya, ya karanta takardar, ya yi mini tambayoyi har na fara rikita sunan unguwarmu. Alhaji bai yi roƙo ba. Ya ce kawai, "Ranka ya daɗe, tsohuwa ce za ta shiga daji da ƙafa. Idan ƙarya ne, ga gidana can, ba ya gudu." Mutumin ya dube shi, ya dube ni. Ya ce ya yarda sau ɗaya, amma soja zai hau tare da mu, kuma da Hausa za a yi magana don ya ji abin da ake faɗa. Na ce to, ko da yake na san Hausar Iya ba ta wuce ta cinikin kuka da daddawa ba.

Bayan Azahar Alhaji da kansa ya bi gidajen layin. A kowace ƙofa ya yi sallama ya ce, "A gaya wa masu gida za a hau sama bayan La'asar. Bawana zai kira uwarsa a Konduga." Abin da na yi wata da watanni ina ɓoyewa a buhun gero, kafin a kira sallah har masu tallan ƙosai sun sani. Da muka fito daga masallaci layin ya cika. Wata tsohuwa ta riƙe mini hannun riga ta ce idan na samu hanya in tambayar mata 'yarta da ke aure a can.

Mu uku muka hau: ni, da sojan, wani dogo mai Hausar Filato, da Alhaji yana haki a kan tsani yana cewa Barebari za su kashe shi. Na daɗe ban ga garinmu daga sama ba. Kan darbejiya kore shar har iyakar gani, rufin kwano yana ƙyalli a tsakani, tsakar gidaje fayau an kwashe shanya. Ban san lokacin da na tsuguna bayan tankin ba, jiki ya saba. Alhaji ya kamo wuyan rigata ya ce, "Miƙe. Duk wahalar nan don ka tsaya aka yi ta."

Na miƙe. Na juya gabas maso kudu, na tsayar da eriya, wayar fanka tana lilo. Muryar Kawu ta fito, ya kira lambata, da gajiyar mutumin da ya fara fid da rai. Na danna, na faɗi lambarsa, na faɗi tawa, yadda ya koya mini. Na saki.

Shuuu kawai. Sojan ya gyara tsayuwa. Sai muryar ta dawo, ya fara maimaita lambata bisa ƙa'ida, amma bai kai ƙarshenta ba ta karye. Ya ce, "Na ji ka. Ƙasa-ƙasa ne, amma na ji ka, ɗana."

Na ce masa ina tare da hukuma, da Hausa za mu yi. Ya gane nan take. Na ji yana kiran yayarsa, na ji ƙarar kujera ta faɗi.

"Kai ne?" in ji Iya da Hausarta.

"Ni ne, Iya."

"Hannu? Ƙafa?"

"Duk suna nan. Ko ƙwarzane babu."

"Yara?"

"Lafiya lau, da uwarsu. Iya, kada ki taso. Don Allah ki zauna, idan an buɗe hanya ni zan zo."

Ta ce, "To. Na zauna." Daga nan Hausar ta ƙare mata. Ta ɓarke da Kanuri, tana sa mini albarka, tana sa wa wanda ya ba ni wurin tsayawa, tana kiran Allah da sunayen da ta sani. Na juya na dubi sojan. Ya kau da kai yana kallon bishiyoyi, ya ce, "Ƙyale ta. Addu'a ce, ba sai an fassara mini ba."

Alhaji ya leƙa ƙasa ya ɗaga wa mutane hannu, na ji layin ya ɗauki hamdala. Na tambayi 'yar tsohuwar nan, Kawu ya ce da safe ya gan ta a bakin rijiya, Alhaji ya isar da saƙon da murya irin ta mai kiran shanu.

Alhaji ya rasu yanzu. Ban taɓa iya yi masa godiyar da ta dace ba, domin duk lokacin da na fara sai ya ce bawa ba ya gode wa ubangidansa, aiki yake yi masa. Sojan ko sunansa ban tambaya ba. Bulama, da matan da suka kwashe shanyarsu ba tare da ƙorafi ba, da matata da ta tankaɗe gari sau biyu, duk ina bin su da addu'a. A garin da kowa ke tsoron inuwar maƙwabcinsa, mutanen nan sun sa wuyansu saboda wata tsohuwa da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Ina gode musu, kuma ina so a san na gode.

Kafin sojan ya ce lokaci ya yi, Kawu ya karɓi magana. Ya rage murya, alamar Iya ta fita daga ɗakin. Ya ce, "Akwai abin da ban faɗa a iska ba, don kada ka yi wauta. Ba Juma'a take jira ba. Ta gama magana da masu itacen, gobe da asuba za su tashi."

Na jingina da tankin, ƙarfen da zafi, ban ma ji ba.

Ya ce, "Bari in sauka daga layi. Na ɓoye takalmanta a cikin rumbu tun shekaranjiya, zan je in fito mata da su."